Daga Arlit zuwa Cibarakaten: wa zai rubuta wa lebura takarda?

A cikin jihar Agadas akwai wurare biyu da ake fidda arziki daga ƙarƙashin ƙasa, hanya guda ta haɗa su, amma tsarin aikinsu ya sha bamban ƙwarai. Na farko shi ne Arlit da Akokan, garuruwan ƙarfen yuraniyom. Na biyu kuwa Cibarakaten, can arewa dab da iyakar Aljeriya, kimanin kilomita 400 daga Arlit, inda aka gano zinariya cikin shekarar 2014, ƴan watanni bayan ta Jado. A Arlit da takarda aka san aiki tun farkon kafa garin. A Cibarakaten da baki ake ƙulla shi, da baki ake kwance shi. Wanda duk ke so ya gane amfanin mutanen nan da kan zauna su saurari koke-koken jama'a, su ba su shawara ba tare da sun karɓi ko dala ba, to ya dubi wannan bambanci da kyau.

An kafa kamfanin Somair a 1968, ya soma fidda ƙarfe a 1971. Cominak ta Akokan ta biyo baya a 1974, ta soma aiki a 1978. Mutumin da aka ɗauka a waɗannan kamfanoni, ko da jiya-jiya ya baro garken raƙuma ko gonar hatsi, sai ya iske kansa cikin duniyar takardu: lambar aiki, kwantaragi, takardar albashi ta kowane wata, katin asusun kula da ma'aikata na ƙasa watau CNSS, da takardar asibitin kamfani. Dukansu da Faransanci, kuma mafi yawan leburori ba su karanta shi. Saboda haka tun da wuri aka samu masu karanta wa ƴan uwansu: wakilan ma'aikata da doka ta tanada, ƴan sandika, malaman makaranta, da wasu waɗanda suka fito ajin yaƙi da jahilci suka ƙara da ƙoƙarin kansu. Babu biro, babu allo a ƙofa. Tabarma ce bayan sallar magariba, mutum ya zo da takardarsa a ninke cikin aljihu, a duba masa ko an lissafa awoyin dare, ko an yanke abin da bai kamata ba, ko wasiƙar da aka miƙa masa gargaɗi ce ko sallama. Irin wannan taimako shi ne tushen aikin ba da shawara a wannan yanki, tun kafin a san sunansa a littattafan ƙungiyoyi.

A farkon shekarun 2000 aikin ya ɗauki wani sabon salo. Wani ma'aikacin Somair, Almustafa Alhasan, tare da abokansa, suka kafa ƙungiyar Aghir in'Man, watau garkuwar rai da harshen Tamajek, domin sun lura abokan aikinsu na mutuwa da cututtukan da ba a bayyana musu ba. Su ne suka gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa cikin Disamba 2003, waɗanda suka auna ruwan sha da kuma tsofaffin ƙarafan kamfani da ake saidawa a kasuwa, mata na yin tukwane da su, magina na sa su a rufin ɗaki. Ƙungiyar Greenpeace ta yi nata awon a 2009. A 2011 aka buɗe wata cibiya mai suna OSRA domin duba lafiyar tsofaffin ma'aikata, ko da yake tsofaffin da yawa sun yi ta kukan cewa duban bai kai su ga diyya ba. A cikin wannan gwagwarmaya duka, shawarar da ta fi amfanar talaka gajeruwa ce: kada ka yar da takardar albashi, ka nemi takardar likita duk lokacin da aka duba ka, ka san sunan kamfanin da ke rubuce a kan kwantaraginka.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce. Iyalin wani Bafaranshe da ya yi aiki a Akokan, ya mutu da ciwon dajin huhu a 2009, sun kai ƙarar Areva a ƙasarsu. Kotun farko ta ba su gaskiya a 2012, amma kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin a 2013, bisa hujjar cewa Cominak ce ta ɗauke shi aiki, ba Areva ba. In har suna guda a kan takarda zai kada mutanen da ke da lauyoyi a birnin Paris, mai karatu sai ya kwatanta halin leburan da bai san ko sunan wa ke kan tasa ba.

An ga haka a fili ranar 31 ga Maris 2021, sa'ad da aka rufe Cominak. Ma'aikatan kamfanin na kansa, su wajen 600, sun fita da kuɗin sallama bisa yarjejeniyar da wakilansu suka sa wa hannu. Wasu ɗaruruwa kuma, waɗanda suka shiga rami guda da su, suka shaƙi ƙura guda, amma sunansu na cikin littafin ƙananan kamfanonin kwangila, sai da suka yi ta kai kuka kafin a waiwaye su. Cikin Yuni 2025 kuma gwamnati ta mai da Somair mallakar ƙasa. Canjin mai kamfani ba ya shafe shekarun da ma'aikaci ya yi, amma ranar neman fansho babu mai tambayarsa abin da ya tuna. Abin da ya adana za a ce ya kawo.

To, wannan ke nan a garin da ake da takarda. Sai Cibarakaten.

Zinariyar can ba irin ta Jado ba ce da aka riƙa tsinta kusa da bisa da na'ura. A cikin dutse take, sai an haƙa rijiyoyi masu zurfi, an fasa da nakiya, an jawo da igiya. Wurin ba ruwa, ba itace, ba ciyawa. Ruwan sha da abinci da man inji duka da mota ake kai su, a saida da tsada. Motoci kan tafi cikin ayari da rakiyar sojoji saboda ƴan fashin hanya. Buhunan dutse da yawa akan ɗauko su zuwa kusa da Arlit, wurin da ake kira Gidan Daka, a niƙe, a wanke da zaiba da wasu magunguna masu guba. Mutanen da ke wannan aiki sun fito daga ko'ina: Damagaram, Maraɗi, Tawa, Buzayen Abzin, Tubawa, mutanen Cadi da Sudan da Najeriya. Bayan hukuma ta rufe Jado a 2017 wasu suka kwararo nan, haka ma wasu daga cikin waɗanda aikin yuraniyom ya sallama.

Ga yadda ake ƙulla aiki. Mai rijiya shi ke kawo abinci da ruwa da kayan haƙa, wani lokaci har kuɗin motar da ta kawo lebura daga garinsu. Leburori su kawo ƙarfinsu. Babu albashi. In Allah ya sa an dace, a fidda abin da mai rijiya ya kashe, sa'an nan a raba saura yadda aka shirya, wani wuri biyu, wani wuri uku. In ba a dace ba, kowa ya yi hasara, shi ta dukiya, su ta watanni. Tsarin a kan kansa ba zalunci ba ne, gama kasada ce aka raba, kuma mutane da yawa sun gina gidaje da shi, sun yi aure, sun sayi motoci. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin nan na "a fidda abin da aka kashe". Wa ya rubuta buhun shinkafa nawa aka ci? Tanon ruwa nawa aka sauke, kuma a kan wane kuɗi? Gyaran injin da ya lalace, a kan wa yake? Wata shida mutum na cikin rami, ranar rabo a ce masa ci da shansa sun cinye rabonsa, har da saura a kansa. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba gaskiya ba ne. Shi dai ba shi da abin da zai auna maganar da shi, mai rijiyar ma ba shi da abin da zai wanke kansa da shi. Daga nan sai zargi, daga zargi sai kowa ya nemi ƴan garinsu, rigimar mutum biyu ta koma ta ƙabila biyu.

Rauni ya fi wannan muni. Dutse ya faɗo wa mutum a ƙafa, ko ƙura ta cinye masa huhu a hankali, sai a haɗa masa ɗan abin da ya sawwaƙa a sa shi mota. Mutuwa kuma ta fi duka. A irin waɗannan wurare da laƙabi aka san mutane: Dogo, Ɗan Tasawa, Bahago. Rijiya ta rufta, a yi masa sutura in an samu fidda shi, amma babu wanda ya san sunansa na yanka, ko sunan mahaifinsa, ko ƙauyen da za a aika. Can gida mace na zaune, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba; ƴaƴa ba su da takardar mutuwar uba, rabon da ya bari a hannun ubangidansa kuwa ba mai nema. Mai karatu zai tuna ruftawar rijiyoyin zinariya na yankin Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi, a watan Nuwamba 2021, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Can kusa da gida ne, dangi sun zo da ƙafarsu. Daga Cibarakaten labari kansa sai ya samu mai ɗauko shi.

Ba a ce doka ta yi shiru ba. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 tana nan. Wajibi ne mai ba da aiki ya sanar da hatsarin da ya samu ma'aikacinsa cikin awa 48. Mafi ƙanƙantar albashi ya tashi zuwa jika 42 a wata tun Janairu 2024. Dokar ma'adinai ta 5 ga Yuli 2022 ta tanadi izinin haƙar gargajiya. Amma kafin ɗaya daga cikin waɗannan ta amfani mutumin rami, sai an amsa wata tambaya: shi ma'aikaci ne, ko abokin tarayya? In ma'aikaci ne, yana da haƙƙin jinya da diyya a kan mai rijiya. In abokin tarayya ne, yana da haƙƙin ganin lissafi da karɓar kasonsa. Mai rijiya mai wayo yakan kira shi abokin tarayya ranar rauni, ya kira shi yaro ranar rabo. Alkawarin baki alkawari ne a gaban alƙali, sai dai yana bukatar shaidu, shaidun kuwa leburori ne da suka watse, wani ya koma gona, wani ya wuce Libiya. Babbar kotu mafi kusa tana Arlit, kuɗin zuwa da na zaman jira sau da yawa sun fi abin da ake bi.

Hukuma ta san talaka na bukatar jagora a gaban shari'a. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa ma'aikatar ANAJJ, mai ba da shawara da taimakon shari'a kyauta, da rassa a manyan kotuna. Da yake kusan dukan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, wajen kilomita 1.200 daga Arlit, an daɗe ana naɗa wasu mutanen gari masu ilimi, galibi malaman makaranta, su tsaya wa wanda ake tuhuma ba shi da mai kare shi. Ƙungiyoyi irin su ANDDH ta kare haƙƙin ɗan Adam, da ƙungiyar mata masana shari'a, waɗanda aka kafa a farkon shekarun 1990, su ma sun horar da masu sa kai da ake kira parajuristes, su bayyana wa jama'a doka, su nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Aiki ne mai kyau, ya fidda mutane daga kaso, ya mai da wa marayu gadonsu. Aibinsa guda game da masu haƙar zinariya: a birni yake zaune, kuma sai bayan ɓarna ake zuwa wurinsa. Mutum ya iso da gurguwar ƙafa, hannu wofi, ba suna, ba rana, ba shaida. Mai shawara komi ƙwarewarsa, abin da ya rage masa shi ne ba da haƙuri.

Saboda haka wurin da mai sa kai ya fi amfani shi ne ranar ƙulla aiki, tun ana dariya da juna. Abin da ake bukata bai kai rabin shafi ba: sunan lebura na yanka da na mahaifinsa, garinsu, lambar wayar wani nasa, sunan mai rijiya, ranar soma aiki, yadda za a raba, abin da za a fidda kafin rabo da wanda ba za a fidda ba, wa zai ɗauki jinya in an yi rauni, shaidu biyu. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kowa ya riƙe tasa, a ɗauki hotonta da waya a aika gida. Bayan haka ɗan littafi guda a bakin rijiya, a riƙa rubuta abin da aka sauke na ci da sha a gaban ɗaya daga cikin leburori. Wannan bai bukatar wanda ya yi karatun shari'a. Duk wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci, ya iya rubutu da lissafin tarawa da ɗebewa, ya isa. Tun farkon shekarun 1960 ƙasar nan ke koya wa manya karatu da harsunan gida, ana ta tambayar ina amfanin takardar shaidar da ake ba su. Ga amfani nan. Kuma ba lalle sai da boko ba. Almajiri ya rubuta da ajami, Buzu ya rubuta da tifinar, in dai shaidu sun ji an karanta. Yanzu da kundin sabunta ƙasa na Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa a ce takarda ba ta da daraja don ba da Faransanci aka yi ta ba.

Za a ce masu rijiyoyi ba za su yarda ba, su ce rubutu alamar rashin amana ne. Malamai na da amsar wannan, gama ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma takardar ba lebura kaɗai take karewa ba. Mai rijiya da yawa ya biya wa yaro kuɗin mota da na abinci, yaron ya kwana uku ya sulale zuwa rijiyar da aka ce ta fashe da arziki. Shi ma yana da abin da zai nuna.

Tsoro na biyu ya fi nauyi, kuma leburorin ne ke da shi. Da yawa ba su da katin ɗan ƙasa, wasu baƙi ne, wasu rijiyoyin ba su da izini. Mutumin da ke ganin littafin sunaye zai iya zama littafin kamu ko na haraji, ba zai faɗi sunansa na gaskiya ba. Nan ne mai sa kai ya fi ma'aikacin hukuma, muddin ya riƙe amana: abin da aka faɗa masa don neman shawara ba na kasuwa ba ne, ba kuma na kai tsegumi ba. Ranar da aka ji magana ta fita daga bakinsa, tabarmarsa ta mutu.

Shi ma aikin yana da nasa cututtuka, bai kamata a ɓoye su ba. Akwai wanda kan soma don Allah, a hankali ya koma ɗan kamasho, yana karɓar na goro a ƙofar kotu da sunan ya san alƙali. Akwai wanda ke jin kunyar cewa bai sani ba, ya ba da shawarar da za ta sa wa'adi ya wuce, haƙƙi ya faɗi. Akwai mai zaman kansa alƙali, ya sasanta abin da ba a sasantawa: kisa, fyaɗe, sa ƙananan yara cikin rami, waɗannan na jandarma ne da mai gabatar da ƙara. Sulhun al'ada kuma doka ta ba sarakuna, shugabannin masu haƙa da dattawan kowace al'umma suna yin nasu a can. Mai shawara ya kawo musu takarda su duba, kada ya nemi kujerarsu. Sa'an nan ga maganar ciki. A wurin da ruwan sha ma saye ake, ba a cewa mutum ya zauna wata da watanni yana aikin lada. Ayyukan da aka gina bisa kuɗin ƙasashen waje kuwa an ga yadda sukan ƙare: kuɗi su tsaya, a rufe biro, a bar allo yana tsatsa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a fara daga Arlit, inda mutanen suke. Garin cike yake da tsofaffin ma'aikatan ma'adinai da suka yi ritaya, waɗanda suka shekara talatin suna karanta kwantaragi, suka san ciwon ƙura da idonsu, suna jin Hausa da Tamajek da Faransanci, suna kuma kwana gidajensu. Tebur guda a tashar da ayari ke taruwa kafin ya tashi, wani a Gidan Daka, ya isa a soma. Yawancin mai tafiya Cibarakaten ta wannan hanya sai ya bi ta gabansu. A can bakin rijiyoyi kuma a nemi masu karatu daga cikin leburorin kansu da limaman masallatai, waɗanda dama can suke zaune.

Abin da ya rage na mahukunta ne, kuma ba mai tsada ba ne. Alƙalan Arlit da mai duba harkokin aiki su ba waɗannan mutane horo na ƴan kwanaki, a nuna musu iyakarsu, a ba su kati mai hoto wanda za a iya karɓewa in sun ci amana. A buga takardar yarjejeniya da Hausa da Tamajek, mai gurabe da za a cike, a raba kyauta. Zaman kotu na tafi-da-gidanka da akan kai ƙauyuka domin ba da takardun haihuwa, a riƙa kai shi Cibarakaten ko sau biyu a shekara. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa ko mutuwa. In sun wuce, sai da hukuncin alƙali, da shaidu, da tafiya. Matar da ke Tasawa ko Matamai ba za ta cika wannan wa'adi ba sai in akwai wani a bakin rijiya da ya rubuta sunan mijinta tun ranar da ya sauka daga mota, ya kuma san lambar da zai kira.